Sharhi Kan Hidimar Injiniyoyi Masu Tsara Mashigin Mota a Rafi da Nemo Masa Izini

Duk wanda yake da gona ko fili a ƙetaren rafi, yana kuma son mota ko tarakta ta riƙa isa can rani da damina, ba zai rasa masu tallata masa hidima guda ba. Ƙananan ofisoshin injiniya ne da ke cewa za su zo su auna wurin, su zana mashigin, su haɗa takardu, su bi hukuma har izini ya fito. Wannan hidimar ce za mu baje a faifai, ba wani kamfani guda ba, domin tsarin aikin kusan ɗaya ne ko'ina, kuma wuraren da ake tafka kuskure ba su cika canzawa ba. Ra'ayinmu tun farko shi ne, hidimar ta cancanci kuɗinta idan mai yin ta ya shiga rafin da ƙafarsa ya auna, ya kuma yi lissafin ruwan da zai wuce. Idan cike fom kawai ya iya, asarar kuɗi ce, ko da izinin ya fito.

Masu filaye da yawa suna mamakin a ce sai sun nemi izini a kan ƙasarsu. Ƙasar tasu ce, amma ruwan wucewa yake yi, yana da masu haƙƙi a sama da ƙasa. Abu uku hukuma take dubawa a kowane mashigi: ko zai tare ruwa ya maida shi gonar maƙwabcin da ke sama, ko zai ƙara masa gudu ya zaizaye gaɓa ya aika laka ga wanda ke ƙasa, da kuma ko kifi da sauran halittun ruwa za su iya wucewa. Dokar kuwa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, zuba duwatsu ko ƙasa a cikin rafi yana ƙarƙashin sashe na 404 na Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972, kuma Rundunar Injiniyoyin Soja ce ke ba da izinin. Ƙananan mashigai sukan bi ta izinin bai-ɗaya mai lamba 14, muddin wurin ruwan da za a cinye bai wuce rabin eka ba a inda igiyar teku ba ta kaiwa, kuma idan ya haura kashi ɗaya cikin goma na eka sai an sanar da rundunar kafin a fara. A Ingila an raba magudanai gida biyu. Waɗanda aka ayyana a matsayin manyan koguna, Hukumar Kula da Muhalli ce ke ba da izininsu, har da aikin da bai wuce mita 8 daga gaɓa ba. Sauran ƙananan rafuka suna ƙarƙashin sashe na 23 na Dokar Magudanar Ruwa ta 1991, izininsu yana hannun ƙaramar hukuma ko hukumar magudanar yankin.

Nan ne amfani na farko na hidimar yake, kuma yawancin ofisoshi sun iya wannan ɓangaren. Sun san wace ƙofa za a ƙwanƙwasa, sun san cewa sau da yawa izini ɗaya ba ya isa, akwai na ruwa, akwai na tsara ƙasa, wani lokaci akwai na haɗa sabuwar hanya da titin gwamnati. Wanda ya shiga da kansa yakan ɓata watanni yana kai takarda ofishin da ba shi ne da hurumi ba.

Zaman farko da injiniya ya isa ya nuna maka irin wanda ka samu. Na kirki ba ya fara maganar zane sai ya tambaye ka abin da zai riƙa hawa mashigin. Ƙaramar mota mai tan 2 daban, tifa cike da yashi mai tan 25 zuwa 30 daban, kuma ba motar da ke bi kullum ake yi wa lissafi ba, mafi nauyin da za ta bi ko da sau ɗaya a shekara ce. Sannan zai tambaye ka kwana nawa za ka iya haƙura idan ruwa ya rufe hanya. Wannan tambayar ita ce ke raba aikin. Idan gona ce kawai a ƙetare, kuma ba komai idan an jira kwana ɗaya ko biyu ruwa ya janye, mashigin da ruwa ke bi ta kansa ya wadatar. Idan gida ne da mutane ke kwana, wanda motar asibiti ko ta kashe gobara za ta iya buƙatar kaiwa a tsakar dare, maganar ta koma kwalbati babba ko gada. Injiniyan da ya yanke maka abin da za a gina tun a waya, bai ga rafin ba, kada ka ba shi aikin.

Zaɓin bai wuce huɗu ba. Akwai mashigi na ƙasa, wato a daɓe gindin rafin da duwatsu ko kankare mota ta bi ta cikin ruwa. Akwai mashigi mai bututu, wanda ruwan yau da kullum ke bi ta ƙarƙashi, ambaliya kuma ta haye ta sama. Akwai kwalbati da aka yi don ta ɗauke ruwan duka, sai kuma gada. Hukumomi a ƙasashe da dama sun fi sauƙin amincewa da gadar da ƙafafunta ke wajen ruwa, domin ba ta taɓa gindin rafin ko kaɗan, kuma sun fi tsananta bincike a kan dogon bututu. Ofishi nagari zai faɗa maka haka a fili, ya nuna maka cewa abin da ya fi araha a gini zai iya zama mafi wahalar samun izini.

Awon wuri shi ne inda muka fi ganin bambanci tsakanin masu hidimar. Wurin da hanya ta fi kusa ba lallai ne ya dace ba. Ana neman inda rafin ya miƙe, ba kan kwana ba, domin a kan kwana ruwa yana cin gaɓar waje yana tara yashi a ta ciki, kuma a 'yan shekaru rafin zai matsa ya bar ginin a gefe. Ana neman gindi mai tsakuwa ko dutse, da gaɓoɓi marasa tsayi, a kuma ƙetara a miƙe, ba a karkace ba, don tsawon ginin ya ragu. Safiyo zai ɗauki tsayin gindin rafin a jere, daga can sama zuwa can ƙasa, tazarar da ta kai ninki 10 zuwa 20 na faɗinsa a kowane ɓangare, sannan ya yanka shi a wurare uku ko fiye ya auna faɗi da zurfi. Muhimmin awo shi ne faɗin rafin lokacin da ya cika bakinsa bai malala ba. Ana gane shi da inda ciyawar tudu ta tsaya, da inda gaɓa ta karye ta kwanta. Ba a auna shi a wurin da shanu ko motoci suka riga suka buɗe, sai a inda rafin yake yadda Allah ya yi shi. Haka kuma ana neman alamun tsohuwar ambaliya, kamar shara da ta maƙale a rassan bishiya ko layin laka a jikin dutse, a tambayi waɗanda suka daɗe a wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Aikin yini ɗaya ne ko biyu. Ofishin da ya tsallake shi ya dogara da hoton tauraron ɗan'adam kaɗai, duk abin da zai biyo baya zato ne.

Daga nan sai lissafin ruwa, kuma muna so mai fili ya fahimci wannan ko da ba injiniya ba ne, domin a nan ake yaudararsa. Ga ƙaramin yanki, ana amfani da lissafi mai sauƙi: a ninka faɗin ƙasar da ke zubo ruwa cikin rafin, da ƙarfin ruwan sama a awa, da kason ruwan da ke gangarowa bai nutse ba, a raba da 360. A ɗauka faɗin hekta 60 ne, ruwan sama milimita 80 a awa, kason da ke gangarowa 0.35. Amsar ta kama kubik mita 4.7 a kowane sakan. To, bututun kankare mai faɗin santimita 90, idan ruwa ya kai daidai saman bakinsa, abin da yake haɗiya bai fi kusan kubik mita 1 a sakan ba. Ke nan bututu ɗaya ko biyu da ake yawan jefawa a rafi a rufe da ƙasa ba su kai rabin buƙata ba. Sai an jera kusan biyar, ko a yi kwalbati mai kusurwa huɗu mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1.5, wadda za ta ɗauki sama da kubik mita 5. Wannan lissafin na ƙananan yankuna ne, waɗanda ba su fi hekta 80 zuwa 100 ba. Idan yankin ya fi haka ana komawa ga bayanan tashoshin awon ruwa ko manhajar kwamfuta, kuma ofishin da ya yi amfani da shi a kan yanki mai hekta dubbai ya yi ganganci.

Ko da lissafi ya nuna bututu biyar sun isa, ba ma ba da shawararsu. Ƙofa ɗaya babba ta fi ƙanana da yawa, domin ambaliya ba ruwa kaɗai take kawowa ba. Reshe ɗaya ya gitta a bakin ƙananan bututu, ganye da shara su taru a kansa, cikin minti kaɗan mashigin ya zama madatsa. Ruwa ya haye sama, ya fara cin ƙasar cikon daga ɓangaren ƙasa, ya tafi da hanyar gaba ɗaya. Yawancin kwalbatocin da suka karye ba ƙarancin siminti ne ya kashe su ba, toshewa ce.

Akwai kuma maganar wace ambaliya ake yi wa shiri. Za ka ga an rubuta a rahoto cewa an tsara don ambaliyar shekara 10, ko 25, ko 100. Mutane suna ɗauka ambaliyar shekara 25 sai bayan shekara 25 take zuwa. Ma'anarta ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 4 cikin ɗari ta zo, kuma idan aka tara a shekara 20, yiwuwar ganin ta aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 56. Ta shekara 10 kuwa, a cikin shekara 10 yiwuwarta kusan kashi 65 ce. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa injiniya ita ce me zai faru ranar da ruwa ya fi ƙarfin ginin, domin ranar tana zuwa. Amsa mai kyau ita ce an bar wani lotsi a hanya, a gefen kwalbatin, an ƙarfafa shi da duwatsu, don ruwa ya haye ta nan ya koma rafinsa. Ofisoshi kaɗan ne ke saka wannan ba tare da an roƙe su ba, kuma muna ganin rashinsa babban giɓi ne a hidimar.

Kan maganar kifi, nan ne takardu suka fi dawowa daga hukuma da gyara. Bututun da aka ɗora a saman gindin rafi yana haifar da matsala iri biyu. A cikinsa ruwa yana gudu fiye da ƙima saboda santsi, a bakin fitarsa kuma ruwan yana haƙa rami, har bututun ya zama a rataye, ruwa na faɗowa daga sama. Tsalle na santimita 15 zuwa 20 ya isa ya hana ƙananan kifaye hawa. Maganin da hukumomi da yawa ke nema yanzu shi ne a yi kwalbatin ta kai faɗin rafin idan ya cika bakinsa, wasu ma suna neman ninki 1.2 na faɗin, a kuma binne gindinta. Ga bututu mai zagaye ana binne kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na faɗinsa, a cika da irin tsakuwar da ke rafin, a daidaita gangarensa da na rafin. Wanda ke ganin wannan ɓata kuɗi ne don kifi bai lura ba cewa kwalbatin da ta kai faɗin rafi ita ce wadda itace ke wucewa ta cikinta, ita ce kuma ba ta haƙa rami a ƙasa. Sai dai a tuna, abin da aka binne ya rage ƙofar ruwa, dole a sake lissafi da girman da ya saura. Mun sha ganin zane da aka ƙara binnewa a kai don a gamsar da hukuma, aka bar lissafin yadda yake.

Idan mashigi na ƙasa aka zaɓa, ga abin da ya kamata ka gani a zanen. Saman daɓen ya zo daidai da gindin rafin, kada ya ɗaga, domin ko tudu na santimita 20 zai tara yashi a sama ya haƙa rami a ƙasa. Faɗinsa mita 3.5 zuwa 4 ga mota ɗaya. Idan kankare ne, kauri santimita 15 zuwa 20 da ragar rodi, a kan tsakuwar da aka daɓe, a karce samansa don taya ta kama, a ɗan karkata shi kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari zuwa inda ruwa ya nufa don laka kada ta kwanta. Abin da ya fi daɓen kansa muhimmanci shi ne katangar da ake nutsarwa cikin ƙasa a bakinsa na sama da na ƙasa, zurfin santimita 60 zuwa mita 1, ko har ta wuce inda ruwa zai iya haƙawa. Idan babu ita, ruwa zai bi ta ƙarƙashi ya kwashe tsakuwar, daɓen ya zauna a kan iska, tifa ta farko ta fasa shi. Gangaren shiga da na fita kada su wuce mita 1 a cikin kowane mita 10, kuma a ci gaba da daɓe su har sama da inda ambaliya ke kaiwa, in ba haka ba ruwa zai zagaye ginin ta gefe. A sama kuma a karkatar da ruwan hanya zuwa cikin ciyawa kafin ya iso rafi, don kada hanyar ta zama kwatar da ke zuba laka.

Idan ba kankare za a yi ba, ana haƙe gindin santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa ƙyallen tacewa mai hana duwatsu nutsewa cikin laka, a zuba fasassun duwatsu masu kaifi, a rufe da ƙanana. Duwatsu masu sulɓi na bakin kogi ba sa riƙe juna, taya ce ke watsa su.

Girman duwatsun kariya a bakin fitar ruwa wani wuri ne da ake yawan raina shi. Ruwan da ke gudun mita 3 a sakan yana tafasa a bakin kwalbati yana buƙatar duwatsu masu faɗin kusan santimita 35 zuwa 40, a jera su kauri ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na girmansu, a kan ƙyallen tacewa ko tsakuwa. Idan gudun ruwa ya ninka biyu, faɗin dutsen da ake buƙata ninki huɗu yake yi, nauyinsa kuma ninki 64. Shi ya sa rage gudun ruwa ta hanyar faɗaɗa ƙofa ya fi sauƙi a kan yaƙi da shi da duwatsu. Inda manyan duwatsu ba sa samuwa, ragar waya da ake cikawa da ƙanana tana aiki, amma a rafin da ke jan tsakuwa wayar tana cinyewa da wuri.

Wani abu da muke ɗora wa masu hidimar alhakinsa kai tsaye shi ne tsaron rai. Mashigin da ruwa ke haye shi dole ya zo da turakun gefe masu nuna iyakar daɓe, da sandar awon zurfi da direba zai hango tun kafin ya shiga. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci har da manyan jif. Turakun ba su da tsada, amma sau da yawa ba a ganin su a zane, domin hukumar ruwa ba ta cika tambayarsu ba.

Takardun neman izinin su kansu ba su da wani sirri: taswirar wurin da lambobinsa, shaidar mallaka ko yardar mai ƙasar da ke ɗaya gaɓar, zanen ginin ta sama da ta gefe da ta yanke, rahoton lissafin ruwa, hotuna, yawan abin da za a haƙa da wanda za a zuba, bayanin dalilin zaɓar wannan tsari a kan sauran, da bayanin yadda za a yi aikin mataki-mataki. Na ƙarshen nan ne jami'ai suka fi karantawa da kyau, shi ne kuma ofisoshi marasa himma ke kwafowa daga tsohon aiki, har wani lokaci da sunan wani rafin a ciki. Ofishi nagari yana neman zama da jami'in hukuma tun kafin a miƙa takarda, in da hali a bakin rafin. Wannan zaman yana rage kai-komo fiye da komai.

Kan lokaci kuwa, kada ka yarda da wanda ya yi maka alkawarin rana. Doka takan sa wa'adi, misali kwana 45 ga sanarwar izinin bai-ɗaya a Amurka, wata biyu ga ƙananan rafuka a Ingila, amma agogon ba ya fara tafiya sai takardu sun cika. Ga kuma lokacin da aka yarda a yi aiki a cikin ruwa, wanda yawanci lokacin ƙarancin ruwa ne, ba kuma lokacin da kifi ke ƙwai ba. Izinin da ya fito mako guda bayan wannan lokacin ya rufe, jiran shekara ne. Don haka a fara neman tun wata shida ko fiye kafin lokacin da ake son gini.

Babban aibin wannan hidima, wanda ya sa ba za mu yabe ta gaba ɗaya ba, shi ne yawancin yarjejeniyoyi suna ƙarewa ranar da izini ya fito. Alhali izinin yana zuwa da sharuɗɗa, kuma sunan mai fili ne a kai, shi za a ci tara ko a sa shi ya rushe. Ɗan kwangilar da zai yi ginin sau da yawa bai taɓa karanta sharuɗɗan ba. Ga abin da aka saba gindayawa: a tare ruwa da buhunan yashi a juya shi ta bututu ko injin jan ruwa don a yi aiki a busasshe, a sa raga a bakin tiyon don kada ya zuƙe kifi, ruwan laka da aka janye daga ramin a zuba shi a tudu ya tace kafin ya koma, katafila ta tsaya a gaɓa kada ta shiga rafi, a sha mai da yin gyaran inji nesa da ruwa. Ɗanyen kankare guba ne ga kifi, domin kaifin sinadarinsa ya kai 12 zuwa 13 a ma'aunin da tsaftataccen ruwa yake 7, saboda haka ba a sakin ruwa a kansa sai ya kama, aƙalla mako guda, ba a kuma wanke kwanon kwaɓa a rafi. Manyan motoci su jira kwana 28.

Sannan akwai kurakuran da ba a ganin su bayan an rufe. Ciko a gefen bututu ana yin sa ne hawa-hawa, santimita 15 zuwa 20, a daɓe kowane hawa, ɓangarorin biyu suna tashi tare, a kula musamman da ƙarƙashin haƙarƙarin bututun inda inji ba ya shiga. Idan aka tura ƙasa da katafila lokaci guda, ruwa zai samu hanya ta jikin bututun ya riƙa jan ƙasa a hankali, har rami ya buɗe a tsakiyar hanya. Ƙasar da ke saman bututu kada ta gaza santimita 30, ga manyan motoci santimita 60 ya fi kwanciyar hankali. Idan bututu fiye da ɗaya ne, a bar tazarar rabin faɗinsu a tsakani don a samu wurin daɓewa. Duk wannan ba wanda zai tabbatar da shi sai wanda ya tsaya a wurin. Muna ganin ziyara uku ita ce mafi ƙaranci: ranar da aka gama haƙa kafin a zuba komai, lokacin ciko ko zuba kankare, da ranar da za a maida ruwa hanyarsa. Idan ba sa cikin farashin, a biya su daban. Araha ba ta ado a wannan wurin.

Akwai wasu ƙananan ƙorafe-ƙorafe. Wasu ofisoshi suna kumbura gini fiye da buƙata don su kare kansu, su zana gada inda mashigin duwatsu zai yi. Wasu ba sa faɗa tun farko cewa kuɗin safiyo, da na gwajin ƙasa, da na masanin halittu idan hukuma ta nema, da kuɗin hukumar kanta, ba sa cikin nasu. Kusan dukkansu ba sa barin takardar kulawa, alhali shafi ɗaya ya isa: a duba bayan kowane babban ruwa, a cire itace daga baki, a maida duwatsun da suka gusa, a kuma san cewa kwashe yashi da inji daga rafi shi ma yana iya buƙatar izini.

Ba kowa ne ke buƙatar hidimar gaba ɗayanta ba. A wasu wuraren doka ta sassauta wa hanyoyin gona da na daji, kamar yadda sashe na 404 ɗin ya keɓe su a Amurka idan an bi ƙa'idojin aiki, kuma hukumomin gona kan ba da zane da shawara. Ga ɗan ƙaramin rafi da tarakta kawai za ta bi, biyan injiniya ya zo ya duba sau ɗaya ya yi lissafi zai iya wadatarwa. Sai dai ko da kana ganin an keɓe ka, ka nemi hukuma ta rubuta maka haka, kada ka dogara da faɗar ɗan kwangila. Amma idan rafin ya fi mita 2 zuwa 3 faɗi, ko akwai gida kusa a sama, ko manyan motoci za su bi, ko mutane za su dogara da hanyar don fita, ɗaukar cikakkiyar hidimar shi ne daidai.

Kafin ka sa hannu, ka nemi su nuna maka mashigi biyu da suka tsara waɗanda suka ga damina uku ko fiye, ka je ka duba bakin fitar ruwan da idonka, ko akwai rami, ko bututu ya rataye. Ka tabbata injiniyan da zai sa hannu a zane yana da rajista da inshorar sana'a. A rubuta cikin yarjejeniya cewa amsa tambayoyin hukuma da gyaran zane har izini ya fito suna cikin farashi, cewa za a ba ka rahoton lissafin ruwa ba zane kaɗai ba, da adadin ziyarar da za su yi lokacin gini. A kuma raba biyan kashi-kashi, kason ƙarshe ya tsaya har sai sun miƙa maka zanen abin da aka gina a zahiri, tare da takardar da za a kai wa hukuma cewa an cika sharuɗɗa.